Mazaunin Baba Ɗantani

Ranar da Sa'ida ta fara ganin Nazeer, daga ƙirji zuwa hula kawai ta gani. Sauran jikin nasa yana Abuja.

Safiyar Litinin ce, ranarta ta farko a Gidan Jaka, wani tsohon gida a Ƙofar Mazugal inda dukawa ke ɗinka jakunkunan fata ana aika su har ƙasashen waje. An jera 'yan ofis a gaban kwamfuta, sai ga fuskar mai gidan ta bayyana a gilashi, da ɗan sajensa, yana juyi a kujera.

"Wace ce wannan a gefe?" ya ce.

Hashim, ɗan baffansa da ke riƙe masa gidan a Kano, ya ce, "Sabuwar mai ɗaukar hoton kaya ce, Yallaɓai. Sa'ida Shehu."

"Sa'ida Shehu, matso kaɗan. Rabin fuskarki kawai nake gani."

"Ni ma rabinka nake gani, Yallaɓai," ta ce, kafin ta tuna da wa take magana.

Ya fashe da dariya, kuma a daidai nan hoton ya daskare, ya bar shi baki buɗe a gaban ma'aikatansa. Kowa ya sunkuyar da kai yana cije leɓe. Ita ce kaɗai ta ci gaba da kallo, har ta ga ashe yana da wushirya.

Marigayi Alhaji Umar, mahaifin Nazeer, a kan buzu ya mulki gidan nan, cikin dukawansa, kwano ɗaya suke ci. Da Allah ya yi masa rasuwa ɗan ya karɓa, ya zuba jakunkunan a intanet, kasuwa ta buɗe, shi kuma ya tare a Abuja kusa da manyan masu saye. Ya tsara wa 'yan ofis wasu ranaku su zo, wasu su yi aiki daga gida, amma shi bai ware wa kansa ranar zuwa ko ɗaya ba. In an yi masa ƙorafi sai ya ce, "Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe." Yaro ne mai kirki, wannan ba a raba shi da shi. Matsalarsa dai, duk abin da kyamara ba ta nuna masa ba, a wurinsa babu shi a duniya.

Da maganar aiki saƙonni suka fara tsakaninsa da Sa'ida.

"Hoton jar jakar nan ya yi kyau. Hannun wa ke riƙe da ita?"

"Hannun ma'aikaciya, Yallaɓai."

"To a gaya wa ma'aikaciyar lallenta ya hana ni ganin jakar."

Kafin a je ko'ina Yallaɓai ya faɗi a hanya. Ya koma kiranta Zinariya, ita kuma ta sa masa Na-gilashi. Sa'ida ta kamu, kamun da ba ta iya ɓoyewa, har miya ta taɓa ƙonewa a hannunta tana murmushi ita kaɗai.

"Na-gilashi, wai kai dogo ne ko gajere? Ƙawayena sun tambaye ni na rasa amsa."

"In na zo kya auna da kanki, Zinariya. Bayan Sallah ina tafe. Ki gaida Baba."

Sallah ta zo ta wuce, wata ma ta biyo bayanta, bai zo ba. Amma ba ya rufe hira sai ya ce ta gaida Baba, ita kuwa ba ta taɓa kawo wa ranta cewa bai san wane Baban ba. Ta yaya ba zai sani ba? Mahaifinta Malam Shehu, wanda tun yana yaro laƙabin Ɗantani ya danne sunansa, shi ne baduku mafi daɗewa a Gidan Jaka. A bakin babbar taga yake zama tun zamanin marigayi. Duk ranar da ta zo aiki ita ke ajiye masa kular abinci a gabansa. Har mai shayin ƙofar gida ya san 'yar Baba Ɗantani ce.

Tsohon ma ya san da maganar, kuma bai ƙi ba. "Ɗan Alhaji Umar? A kan buzun nan ya koyi rarrafe," in ji shi. "Sai dai rabona da shi tun zaman makokin ubansa."

Wata rana da ta yi aiki daga gida, washegari ta shigo ta tarar bakin taga ya canza. An yi wa bangon farin fenti, an jera jakunkuna a kan katako, an kafa kyamara. Mahaifinta yana can lungun bayan ƙofa inda ake tara fatu, ya kawo ɗinkin dab da hancinsa.

"Baba, wa ya kawo ka nan?"

"Aiki ne, 'yar nan. Hashim ya ce bakin taga na hoto ne yanzu."

"Bari in gaya wa Nazeer."

"Kul! Ban haife ki don ki roƙar mini taga a wurin saurayi ba."

Ba ta gaya wa Nazeer ba, kuma shirun nan ta daɗe tana da-na-saninsa. Dama idon tsohon ya fara yana. A cikin duhun lungun ɗinkinsa ya soma karkacewa.

Shi kuwa Hashim ya daɗe da sa ido a kanta. Mutum ne da ba a suna ko jana'iza a Gwale ba a gan shi a sahun gaba ba, kullum cikin ƙamshi, kullum da murmushin da bai wuce haƙora ba. Ya gwada, ta ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba komai. Ki dai riƙe shi da kyau, gilashi fashewa yake."

Ranar da abin ya faru tana cikin ɗakin aiki tana gyara kyamara. Ta ga Hashim ya ɗauki wata jaka daga gaban mahaifinta ya shige ofis. Bai daɗe ba ya fito da waya a hannu, ya tafa.

"Kowa ya ajiye aiki, saƙo ne daga mai gida."

Muryar nan da ta saba ji tana kiranta Zinariya ita ta cika ɗakin.

"Hashim, na ga jakar. Wannan abin kunya ne. Shi wannan Ɗantanin in ya tsufa ya je gida ya huta, kamfani ba gidan gajiyayyu ba ne. A sallame shi yau. Ka sanar da shi, ni ina da mitin."

Almajiran da tsohon ya koya wa riƙe basilla duk suka kafe ido a ƙasa. Hashim ya matsa kusa da lungun ya ranƙwafa.

"Baba, ko ba ka ji sosai ba? Bari in ƙara murya."

Ya sake kunnawa daga farko.

Baba Ɗantani ya saurara har ƙarshe. Ya tattara basillarsa da almakashi ya naɗe a tsumma, ya ninke buzunsa ya sa a hammata. Abin da ya ce kawai shi ne, "Muryar ubansa gare shi." A bakin ƙofa ya tsaya yana laluben takalmi da ƙafa, ba wanda ya iya motsi ya miƙa masa.

A daidai lokacin wayar Sa'ida ta girgiza a hannunta.

"Zinariya, yau kin yi shiru. Kin ci abinci? Ki gaida Baba."

Ta rubuta masa:

"Baba yana amsawa. Shi ne Ɗantanin da ka kora yanzu. Ga shi a gabana yana laluben takalminsa."

Kira ya yi ta shigowa har wayar ta yi zafi, ba ta ɗauka ba. Sai saƙonni.

"Wallahi tallahi ban sani ba. Shehu na sani a sunanki. Zinariya, ki yafe mini, na gaya wa Hashim a mayar da shi yau."

"Na yarda ba ka sani ba, kuma shi ya fi ci mini rai. In da uban wata ne, daidai ka yi ke nan?"

Magana zarar bunu ce. Tsohon ya ce shi da Gidan Jaka har abada. Nazeer ya yi kiran bidiyo don ya ba shi haƙuri, tsohon ya ce a gaya masa idonsa ba ya ganin gilashi. Ya aiko direba da buhun shinkafa da shadda, tsohon ya hana a shigar da su soro, suka wuni a rana har direban ya gaji ya mayar da su mota. Daga nan Nazeer ya yi abin da ya ɗauka shi ne babbar girmamawa: ya turo baffansa Alhaji Gambo da wasu dattawa neman aure.

Baba Ɗantani ya karɓe su a soro da mutunci, aka gaisa, aka yi addu'a. Da Alhaji Gambo ya faɗi abin da ke tafe da su, sai tsohon ya ce su ba shi minti ɗaya. Ya shiga cikin gida ya sauko da hoton Sa'ida na gama makaranta daga bango, ya fito ya ajiye a gabansu.

"Ga ta nan, Alhaji, na ba shi. Ba sai ya kawo sadaki ba. Ya ajiye ta kusa da kwamfutarsa. Ba ta ci, ba ta ciwo. In ta tsufa ya yaga."

Sa'ida tana bayan ƙofa ta ji komai. Ta ji fitar dattawan, ko sallama ba su iya yi ba. Kuka take lokacin da mahaifinta ya shigo, bai rarrashe ta ba.

"Na ba Hashim izini ya zo zance," ya ce.

"Baba! Shi fa ya kunna maka muryar a gaban yaranka!"

"Ya kunna yana tsaye a gabana. Mugun da kike gani kin san ta inda za ki kauce masa. Wanda ke Abuja fa? Saki ma ta waya zai aiko miki, ya ce yana da mitin."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne har yanzu tana son Nazeer. Tana jin haushinsa, tana jin haushin kanta, amma in waya ta yi ƙara gabanta sai ya faɗi. Ta aika masa na ƙarshe:

"An ba Hashim izini. Kada ka ƙara turo mini saƙo. Na gaji da son mutumin da ban taɓa jin takun ƙafarsa ba."

Ta toshe lambarsa.

Bayan 'yan kwanaki ta je Gidan Jaka don ta mayar musu da kyamararsu ta ajiye aiki. A soro ta tarar da mai gadi yana jayayya da wani baƙo.

"Malam, na ce maka wa kake nema? Ba a shiga haka kawai, mai gida ya hana."

Baƙon ya juyo. Hular ce, sajen ne, wushiryar ce. Ashe dogo ne, don sai da ya sunkuya kafin ya wuce ƙofar soro ta biyu. Ta so kada ta ji komai, zuciyarta ta ƙi ba ta haɗin kai.

"Zinariya."

"Sunana Sa'ida, Yallaɓai."

Ya ce, "A ina Baba yake zama?"

Ta nuna masa lungun. Ya tsaya yana kallon wurin, sannan ya zauna a ƙasa da farar shaddarsa, tsakanin tarin fatu, ya ce a miƙo masa allura da zare. Saurayi mai lafiyayyen ido, ya gwada ya gwada, zaren ya ƙi shiga. Ya ɗaga allurar sama neman haske, babu. Ya juya ya kalli bakin taga, inda rana ke zuba a kan jakunkunan da ba sa buƙatarta.

"Wa ya sa tsoho ɗinki a nan?" Muryarsa har soro.

Hashim ya fito daga ofis a nutse, hannu a aljihu.

"Kai ne, Yallaɓai. Ranar mitin da masu sayen nan na waje, ba kai ka ce, wannan tsohon da ke bayanka yana ɓata mana hoto, a matsar da shi ba? Ni ɗan aike ne. Ka faɗa, na yi. Ko yau ka san akwai lungu a gidan ubanka?"

Wannan kam Sa'ida ba ta san shi ba, duk zatonta aikin Hashim ne shi kaɗai. Ta kalli Nazeer, tana roƙon Allah a ranta ya musanta.

"Na faɗa," ya ce, kansa a ƙasa. "Ni na faɗa."

Hashim ya juyo gare ta da murmushinsa. "Kin ji ko? Ni ba ruwana."

"Kunnawar farko aike ce," ta ce. "Ta biyun taka ce. Kada ka wahalar da ƙafarka zuwa ƙofar gidanmu, ba zan fito ba."

Ta ajiye kyamarar ta fita, ba ta ce wa Nazeer komai ba. Amma abu biyu suka bi ta har gidansu a Gwale: bai yi ƙarya ba, kuma har ta fita bai tashi daga lungun ba.

Bai koma Abuja ba. Labari ya riƙa iso mata daga bakin dukawa. Ya sallami Hashim baki da baki, su biyu a ofis, ba a gaban kowa ba. Ya kwashe katakon ya mayar wa masu ɗinki da tagarsu. Shi kuma ya ɗora kwamfutarsa a cinya a lungun bayan ƙofa, daga nan yake mitin ɗinsa, in ya gama ya ɗauki basilla ana koya masa, yana tsire yatsunsa ana yi masa dariya. 'Yan ofis suna nan da ranakunsu na gida, amma yanzu duk wanda ya zo zai tarar da shi.

Kullum bayan la'asar kuwa sai ya taka zuwa Gwale, ya tsuguna a ƙofar soronsu ya yi sallama.

"Wane ne?" tsohon zai ce.

"Ni ne Nazeer, Baba."

"Ban san shi ba. Wata murya dai na sani."

Sai ya raɓa shi ya wuce masallaci kamar ya wuce turmi. Maƙwabta suka sa masa Mai-mitin, mata na leƙe ta saman katanga suna ƙus-ƙus. Wata rana ruwa ya sauko ya jiƙe shi sharkaf, Sa'ida ta ɗauko lema za ta fita, tsohon ya ce, "In kin taka soron nan ban yafe ba." Ta koma ɗaki ta kifa kai a matashi. Haka damina ta ƙare a kansa, a lokacin kuma yanar idon tsohon ta gama rufewa. Nazeer ya nemi ya kai shi asibiti, tsohon ya ce bai aike shi ba. Da daga baya ya yarda 'yarsa ta kai shi, likita ya ce ba yana ce kaɗai ba, kuma an makara.

Ran nan, maimakon ya wuce, sai tsohon ya zauna a dakalin ƙofa.

"Matso. Abin da ka faɗa ranar, maimaita mini. Ga ni, ga ka."

"Baba, don girman Allah..."

"Maimaita."

Sa'ida tana cikin soro. Ta ji Nazeer ya fara, murya can ƙasa. "Shi wannan Ɗantanin, in ya tsufa..." Ya tsaya.

"Ƙarasa. Ai ranar ba ka sarƙe ba."

Ya ƙarasa, kalma bayan kalma, har zuwa gidan gajiyayyu, kuka ya ƙwace masa a gaban duk mai wucewa. Tsohon ya bar shi ya yi mai isarsa.

"Da nauyi ko?" ya ce. "A waya ba ta da nauyi." Sannan ya ce, "Yarinyar nan ta rame a gidana, ko ban gani ba ina ji a muryarta. Zan ba ka. Amma ba na son wakili. Ranar ɗaurin aure kai da bakinka za ka roƙa, kai za ka karɓa."

Kowa ya san ba haka ake yi ba. Ango can gefe yake laɓewa cikin abokai, manyansa su nema masa, su karɓar masa. Alhaji Gambo ya ce wannan tozarci ne, liman ya ce tozarci ko ba tozarci ba, aure ya halatta.

Ranar Asabar da hantsi ƙofar gidan ta cika, dukawan Gidan Jaka a sahun gaba. Sa'ida na ɗaki cikin lulluɓi, ƙawaye sun yi shiru don lasifika na kawo komai. Ta ji Nazeer yana cewa:

"Baba, ni Nazeer ɗan Umar, na zo da kaina ina roƙon ka ba ni auren 'yarka Sa'ida."

Wani ya ce, "Kai, ango marar kunya!" Aka kwashe da dariya. Tsohon bai yi ba. Ya ce a miƙo masa hannun yaron. Ya shafa tafin, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ji kanta da tabon basilla.

"Na ba ka," ya ce.

Aka shafa fatiha, guɗa ta tashi a cikin gida. Amma ba a kashe lasifikar ba, don haka Sa'ida ta ji abin da ya biyo baya, ita da duk unguwa.

"Baba, mazauninka na nan a bakin taga. Ban bari kowa ya zauna ba."

"Ka makara, ɗana. Taga da lungu duk ɗaya ne a wurina yanzu. Ka ba wani tun yana gani."

Hawayen da ta zubar a nan ba na amarci ba ne, ƙawayenta ma sun gane, ba wadda ta tsokane ta.

Da jama'a suka ragu ta ɗauki wayarta ta buɗe lambar da ta toshe. Nan take saƙo ya faɗo.

"Zinariya, matata, ina soro."

"Na-gilashi, ajiye wayar. Yi sallama."

Ta ji takun ƙafarsa a tsakar gida, ta ji sallamarsa. Tare da shi mahaifinta ne, ya dafa kafaɗar Nazeer, shi kuma yana ja masa gora. Tsohon ya lalubo hannunta ya ɗora a kan nasa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin ƙai. Kai kuma, duk abin da za ka gaya mata, mai daɗi ko mai ɗaci, ka zo gabanta ka faɗa."

"Amin, Baba," suka ce tare.

Ya saki hannuwansu, ya juya yana laluben bango da tafinsa, ya nufi ɗakinsa. Nazeer ya yi sauri ya durƙusa ya gyara masa takalmin da ya juya a bakin ƙofa.